Kifi Ya Yi Ɗanɗanon Kifi: Jagoran Girkin Kanton, Daga Turararren Kifi Zuwa Madarar Citta

Mutanenmu da yawa sun sha zuwa Guangzhou saro kaya, wasu shekara goma suna kai da komo, amma idan aka tambaye su abincin garin sai su ce taliyar hannu da romon naman sa, ko tsiren rago. Ba laifinsu ba ne. Musulmin da ya sauka a unguwar Xiaobei gidan abinci mai alamar halal yake nema, kuma yawancin masu waɗannan gidaje daga arewa maso yammacin ƙasar Sin suka zo, daga Gansu da Qinghai da Xinjiang, kowa da girkin garinsu. Abincin 'yan asalin Guangzhou kuwa, wanda duniya ta sani da girkin Kanton, ta bakin ƙofa muke wuce shi saboda gudun naman alade. Gudun yana da hujja, don suna cinsa ƙwarai. Sai dai a cikin abincin da suka fi alfahari da shi akwai wanda babu komai a ciki sai kifi, kaza, shinkafa, ganye, citta da lawashin albasa. Shi zan koya miki a nan, uwargida, da kayan da za ki samu a kasuwarmu.

Lardin Guangdong, wanda Guangzhou ce babban birninsa, yana bakin teku a kudancin Sin, mutanensa sun haura miliyan 120. Kogin Zhujiang, wato Kogin Lu'ulu'u, yana rarrabuwa rassa-rassa kafin ya faɗa teku, tsakanin rassan kuma tafkunan kiwon kifi ne da gonakin shinkafa. Guangzhou tsohuwar tashar jiragen ruwa ce. Daga 1757 zuwa 1842 ita kaɗai aka yardar wa Turawa su yi ciniki a cikinta, Larabawa da Farisawa kuwa sun riga su da ɗaruruwan shekaru; masallacin Huaisheng da ke tsakiyar birnin yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Kusa da ita akwai Shunde, garin da ake yi wa kirari da mahaifar ƙwararrun masu girki, wanda UNESCO ta sa shi cikin biranen abinci na duniya a 2014.

Wanda kifi ke zuwar masa da rai har bakin tukunya ba shi da abin ɓoyewa. Mu da muke nesa da teku, ga zafin rana, kakanninmu sun ƙware a banda da shanya da suya da yaji don abinci ya daɗe, kuma hikima ce babba. Su nasu halin ya koya musu wata hikimar daban. Suna da magana da suke yawan faɗa: kaza ta yi ɗanɗanon kaza, kifi ya yi ɗanɗanon kifi. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan maganar aka gina shi. Abin da zai fi ba ki wuya ba nemo kaya ba ne, riƙe hannu ne: kada ki kai shi ga magi, kori, attarugu da tumatir, ko da zuciyarki na cewa abin zai yi lami.

Kayan da za ki tanada

Ɗanyar citta ita ce kan gaba, kuma a nan mun yi sa'a, don cittar da ake nomawa a Kudancin Kaduna, wajajen Kachia, tana da ƙarfi da ƙamshi. Busasshiya ko garinta ba za su yi wannan aikin ba. Sai albasa mai lawashi, ƙanana masu ɗanyen ganye, tafarnuwa kaɗan, man gyaɗa mai kyau, gishiri da sukari. Idan da man riɗi, ɗigo kaɗan ake so.

Abu ɗaya da sai kin je babban kanti shi ne soya sos, ruwan waken suya da aka tsima da alkama da gishiri. Iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa, launinsa kamar baƙin shayi, shi ne mai gishiri, kuma shi muke buƙata. Akwai mai kauri baƙi ƙirin, shi don launi ake sa shi. Idan kika zuba shi a kifi zai baƙanta shi ya rufe masa ɗanɗano. Ki duba tambarin halal a jikin kwalba, don tsimin yakan fitar da ɗan burbushin barasa, wasu kamfanoni ma suna ƙarawa don kada ya lalace. Haka nan masu girkin Sin kan zuba giyar shinkafa don kashe ƙarni. Mu ruwan citta ya ishe mu, kuma a waɗannan girke-girken ba za ki ji rashinta ba.

Turararren kifi

Wannan shi ne ma'aunin mai girki a Kanton. A gidajen abincinsu kifin yana yawo a cikin akwatin gilashi, baƙo ya nuna wanda yake so, a kamo a nuna masa yana motsi, sannan a kai shi ɗakin girki.

Mataki na farko, zaɓen kifi, kuma rabin aikin ke nan. Ki nemi ƙarfasa mai nauyin giram 500 zuwa 600, mai rai idan da hali, ko wadda aka kamo da safiyar ranar. Idonta ya kasance garau ba fari-fari ba. Ki ɗaga murfin kunnenta, cikin ya kasance ja jawur. Ki danna jikinta da yatsa, naman ya taso ya koma yadda yake. Yankan giwan ruwa mai kaurin yatsu biyu shi ma yana yi sosai. Kifin da ya daɗe a ƙanƙara, ko wanda ya fara sakin jiki, ki soya shi kawai, don tururi ba ya rufa wa kifi asiri. Tarwaɗa ba ta dace da wannan salon ba saboda yauƙi da maiƙonta. Su ma kifi mai maiƙo sukan turara shi ne da tafarnuwa da wani baƙin waken suya da aka tsima da gishiri, ɗan uwan daddawarmu a wajen aiki.

Idan ƙarfasar ta tafki ce tana warin laka, ga dabarar masu kiwon kifi na can: sukan ajiye kifin da ransa cikin ruwa mai tsabta na wasu kwanaki ba tare da abinci ba, har warin ya fita. A gida, babbar roba da ruwan da ake sauyawa na kwana ɗaya ko biyu tana taimakawa.

Mataki na biyu, gyara. Ki kankare ɓawon jikin tas, ki cire kayan ciki a hankali kada maɗaciya ta fashe, ki cire jan abin da ke cikin kunne. Kai da wutsiya a bar su. Yanzu ga inda mutane da yawa ke sakaci: a cikin cikin ƙarfasa akwai wata baƙar fata siririya, sannan a jikin ƙashin baya akwai daskararren jini a jere. A nan ƙarni yake zaune. Ki kankare su da ƙaramin cokali ko bakin wuƙa, ki ɗauraye har ruwan ya fita fari, sannan ki tsane kifin da tsumma mai tsabta ciki da waje. Ki tsaga shi sau ɗaya ta gefen ƙashin baya inda naman ya fi kauri, kowane ɓangare, don ya dahu daidai da sauran jiki. Kada ki sa gishiri ki ajiye. Gishiri na janye ruwan naman ya sa shi tauri.

Mataki na uku, shirya tururi. Madambacinki ya wadatar idan farantin zai shiga. Idan babu, ki sami tukunya mai faɗi, ki kifa gwangwanaye uku masu tsayi ɗaya da aka huda, ki zuba ruwa ya tsaya ƙasa da bakinsu, farantin ya zauna a kai. Ki tabbata akwai sarari a gefe da tururi zai zagaya. A kan farantin ki shimfiɗa sandunan lawashi uku ko huɗu, ki kwantar da kifin a kansu. Suna ɗaga shi ne don tururi ya bi ta ƙarƙashi. Yankan citta biyu a ciki, uku a sama.

Mataki na huɗu shi ne lokaci. Kada kifi ya shiga sai ruwa yana ɓararraka, tururi na fita da ƙarfi. Ki sa farantin, ki rufe, ki duba agogo. Kifi mai giram 500 zuwa 600 minti 8 yake so a wuta mai ƙarfi. Kowane ƙarin giram 100, ki ƙara kamar minti ɗaya. Kada ki buɗe kina leƙe. Idan lokaci ya cika ki kashe wuta, ki bar shi a rufe minti ɗaya ko biyu. Ki soka tsinke a inda ya fi kauri: idan ya shige ba tirjiya, naman ya yi fari yana rabuwa da ƙashi, ya yi. Idan akwai sauran ja a jikin ƙashi, mayar da shi minti biyu. Kifin kogi da na tafki dole ya dahu har ciki, saboda tsutsar hanta da ake ɗauka daga ɗanyen kifi, cutar da su kansu mutanen Guangdong suke fama da ita. Amma tsakanin dahuwa da wuce misali minti biyu ne kacal, shi ya sa nake nanata agogo. Ni a farkon koyona na riƙa ƙara minti biyar don neman kwanciyar hankali, kullum naman sai ya fito a bushe kamar auduga, sai da na yarda da agogon sannan na ci kifin da ake magana.

Kafin kifin ya sauka, ki yanka citta da lawashi sirara kamar zare, tsawon yatsa, cikin tafin hannu guda. Idan kika jiƙa lawashin a ruwan sanyi zai nannaɗe ya yi kyau. A ƙaramin kasko ki haɗa soya sos babban cokali 3, ruwa cokali 2, sukari ƙaramin cokali 1, ki ɗumama har sukarin ya narke.

Mataki na ƙarshe. Ki fito da farantin, za ki ga ruwa ya taru a ƙasa. Ki tsiyaye shi ki zubar, ki cire tsohuwar citta da lawashin da suka dahu. Ƙarnin da ya fita duk yana cikinsu. Ki baza sabuwar cittar da lawashin a bayan kifin. Ki ɗora man gyaɗa cokali 3 a wuta har ya fara alamar hayaƙi, ki kwarara shi a kan lawashin daga kai zuwa wutsiya. Za ki ji ƙarar caaa, ƙamshi ya tashi ya cika gidan. Idan ba ki ji ƙarar nan ba, man bai yi zafi ba, kuma kifin zai yi maiƙo kawai. Sannan ki zuba sos ɗin ta gefen faranti, ba a kan kifin ba, don mai ci ya riƙa dangwalawa daidai son ransa. A kai shi gaban masu ci nan take, da farar shinkafa marar mai marar gishiri. Wannan romon da ya gauraya da mai a ƙasan faranti shi ne miyar shinkafar.

A wurinsu ana juya kan kifin ya fuskanci babban baƙo, naman kumatu kuma, da yake ya fi laushi, a ba wanda ake ji da shi. Iyalan masunta ba sa juya kifi idan an cinye gefe ɗaya, sai a ɗage ƙashin a ci na ƙasa, don juyawar na tuna musu da kifewar jirgi. Ba sai kin ɗauki camfin ba, amma ɗage ƙashin gaba ɗaya yana rage wa yara haɗarin ƙaya.

Farar kaza

Suna kiranta bak cit gai, ma'ana farar kaza da aka sassara, kuma suna cewa babu kaza, babu walima. Ranar sabuwar shekararsu ko ɗaurin aure ba a rasa ta. Da ido za ki ce dafaffiyar kaza ce kawai da ba a ƙarasa ba, irin wadda muke tafasawa kafin suya. Bambancin shi ne ba a bari ta tafasa.

Kazar da ake so ita ce mai yawo, matashiya mai ɗan kitse, kamar kajin Qingyuan da suka yi suna a can. A wurinmu ki nemi sagara, kazar gida da ba ta fara ƙwai ba, mai nauyin kilo 1.2 zuwa 1.5 bayan gyara. Tsohuwar kaza za ta yi tauri, ƙatuwar kazar gidan gona kuma naman ba shi da gardi, ko da yake za ta yi idan ita ce a hannu. Wajen fiɗa kada ruwan ya cika zafi har fata ta saɓule, kuma kada a babbake ta, don fatar nan ita ce adon girkin. A bar ta guda, a cire kayan ciki ta ƙaramar kafa, a wanke jinin ciki sosai, a murza jikin da gishiri a ɗauraye.

Ki ɗora tukunyar da za ta nutsar da kazar gaba ɗaya, ruwa kamar lita 4 zuwa 5, da citta yanka biyar, lawashi uku da gishiri cokali ɗaya. Idan ya tafasa, ki riƙe kazar ta wuya, ko ki ɗaura mata igiya mai tsabta, ki tsoma ta cikin ruwan ki ƙirga goma, ki ɗago ta ruwan cikinta ya zube. Ki yi haka sau uku. Dalili shi ne ruwan da ya fara shiga cikinta yakan huce nan da nan; idan ba a sauya shi ba, waje zai dahu ciki yana ɗanye. Tsomawar kuma tana ɗame fata.

Bayan ta uku ki sake ta a ciki. Da ruwan ya fara alamar tafasa, ki rage wuta can ƙasa, yadda sai 'yan ƙananan kumfa ke tasowa daga gindin tukunya jefi-jefi. Masu girkin Kanton suna kiran wannan ruwa mai idon jatan lande. Idan gawayi kike amfani da shi, ki kwashe mafi yawan garwashin. Minti 15 a haka, sannan ki kashe wutar, ki rufe ruf, ki bar ta minti 20 zuwa 25 zafin ruwan ya ƙarasa aikin. Ki soka tsinke a tsokar cinya kusa da gaɓa: ruwan da zai fito ya zama fari tas. Idan kina da ma'aunin zafi na girki, ya kai digiri 74. Mutanen can suna son su ga ɗan ja a cikin ɓargon ƙashi, alamar ba a wuce da ita ba. Ni ban ba ki shawarar bin su a nan ba. Ki tabbata ta dahu, musamman idan yara da tsofaffi za su ci.

Tun kafin nan ki tanadi babbar roba da ruwan sha mai ƙanƙara. Ruwan leda da kika daskarar da kanki ya fi, don kazar ba za ta sake komawa wuta ba. Ki ɗauko ta a hankali kada fata ta yage, ki nutsar da ita minti 15. Sanyin yana tsayar da dahuwa, yana sa fata ta ɗame ta yi santsi, romon da ke tsakanin fata da nama kuma ya daskare ya zama wani siririn abu mai sheƙi. Wanda ya san kazar nan shi yake fara dubawa. Ki tsane ta, ki shafe ta da ɗan man gyaɗa ko na riɗi, ki bar ta ta sha iska minti 10, sannan ki sassara ta da babbar wuƙa mai nauyi, har da ƙashi, yanka-yanka kamar faɗin yatsu biyu. Sara ɗaya ake yi da ƙarfi. Idan ana gurzawa fata za ta rabu da nama.

Mahaɗinta shi ne ranta. Ki gurza ɗanyar citta giram 50, ki yanka lawashi ƙanana-ƙanana kwatankwacin haka, ki zuba su a kwanon da ba ya jin zafi da gishiri ƙaramin cokali 1. Ki zafafa man gyaɗa cokali 5, ki kwarara a kai, ki juya, ki ƙara cokali ɗaya na romon kazar. Ki ɗanɗana, ya kamata gishirinsa ya ɗan fito, don kazar ba ta da shi sosai. Ba da zafi ake cin wannan kaza ba, a huce ake cinta. Sai dai da irin zafin garinmu kada ta wuce awa biyu a waje.

Romon kuwa kada ki zubar. Ki dafa shinkafa da rabinsa, sauran ki ajiye don abin da ke tafe.

Juk, faten shinkafarsu

Shi ne karin kumallon Guangzhou, shi ake ba marar lafiya da yaron da aka yaye. Yana tsakanin kunu da fate, amma babu gari a ciki: shinkafa ce ake dafawa har ƙwayar ta fashe ta narke cikin ruwa.

Shinkafar da aka turara kafin a sheme, irin wadda muke dafa-duka da ita, ba ta narkewa. Ki nemi ta tuwo. Gwangwani ɗaya na shinkafa, gwangwani 10 zuwa 12 na ruwa ko romo. Ki wanke ta, ki tsane, ki cuɗa ta da mai cokali ɗaya da gishiri kaɗan, ki ajiye minti 30. Sai ruwa ya tafasa za ki zuba, ki juya kada ta kwanta. Minti 10 a wuta mai ƙarfi, sannan ki rage ta yadda zai ci gaba da juyawa da kansa, murfi a ɗan buɗe, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A minti 20 na ƙarshe ki riƙa juyawa akai-akai, a nan yake kamu. Idan kina da firiza, ki wanke shinkafar ki daskarar da ita tun dare; ƙanƙarar na farfasa ƙwayar, sai ta narke cikin kamar rabin awa.

Wannan shi ne gindin. Abin da masu sayarwa ke yi shi ne su ɗebi na mutum ɗaya a ƙaramar tukunya, ya tafasa, su zuba ɗanyen nama ko kifi da aka yanka falle-falle, ya dahu a ciki nan take. Idan kifi ne, ki yanka tsokar marar ƙaya siriri, ki cuɗa da zaren citta, gishiri da ɗigon mai, minti 2 zuwa 3 a cikin fate mai tafasa ya isa. Idan naman sa ne, ki yanka shi a kan jijiya ba bin tsawonta ba, ki cuɗa giram 200 da soya sos cokali 1, garin sitacin masara ƙaramin cokali 1, ruwa cokali 1 da mai kaɗan, ya jira minti 15. A sama a barbaɗa lawashi, farin masoro da soyayyiyar gyaɗa. Akwai wani sanannen nau'i da ake kira faten kwale-kwale, don mazauna ruwa ne suka riƙa sayar da shi daga ƙananan jiragensu a wajajen unguwar Liwan ta Guangzhou. Idan kin je can ki yi tambaya kafin ki saya, don yawancin na kasuwa akwai alade a ciki, wani ma da ƙashinsa ake dafa gindin.

Ganye

Ba a shimfiɗa abinci babu faranti ɗaya na kore. Nasu ganyen su ne coi sam da gai lan. A nan latas ko alayyahu mai ɗanyen kara za su tsaya. Ruwa ya tafasa da gishiri da mai cokali ɗaya, latas daƙiƙa 20, alayyahu minti ɗaya, a tsame a tsane sosai. A soya tafarnuwa sama-sama, a zuba sos ɗin kawa cokali 2 da ruwa kaɗan, a kwarara a kai. Kawa wata halittar teku ce mai ɓawo biyu, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne. Wani mai suna Lee Kum Sheung ne ya fara sayar da wannan sos a Nanshui da ke lardin Guangdong a 1888, kamfaninsa na Lee Kum Kee yana nan har yau. Idan ba ki samu ba, soya sos da ɗan sukari sun isa.

Akwai wata soyayyiyar taliyar shinkafa mai faɗi da naman sa da ta shahara ƙwarai, wadda daɗinta ke zuwa daga abin da suke kira wok hei, numfashin kasko, wato ƙamshin da wuta mai tsananin ƙarfi ke bari a jikin abinci. Ban sa ta a nan ba da gangan. Risho da ƙaramin gas na gida ba su da wannan wutar, taliyar sai ta jiƙe ta manne. Ki bari sai hannunki ya faɗa a kan waɗannan.

Idan duka za ki haɗa don baƙi, ki fara da kaza awa biyu kafin lokaci, tunda a huce ake cinta. Shinkafa ta biyo baya da romon. Ki yanka duk citta da lawashi ki jera. Ganye sai saura minti 15, kifi kuwa ba ya hawa wuta sai baƙi sun wanke hannu sun zauna. Su ne za su jira kifi.

Madarar citta

Wannan daga garin Shawan yake, a yankin Panyu na Guangzhou, sunan abincin a harshensu kuma yana nufin citta ta yi karo da madara. Kaya uku ne kacal, amma ya kan ba mutane mamaki: madara mai zafi ta daskare kamar kindirmo cikin 'yan mintuna, ba tsami, ba firiji. A cikin ɗanyar citta akwai wani sinadari da ke kama furotin na madara ya ɗaure shi, irin aikin da ruwan tumfafiya ke yi wajen haɗa cuku. Sinadarin yana aiki ne a wani zafi na musamman. Idan madarar ta cika zafi ya mutu, idan ta huce ba zai kama ba.

A can da madarar ɓaunar ruwa ake yi, don ta fi ta saniya kauri da maiƙo. Ke ki nemi madarar shanu sabuwar tatsa wadda ba a tsarma ta da ruwa ba, ko ki dama ta gari mai cikakken maiƙo da kauri, cokali 4 a cike cikin ruwa mililita 200. Na mutum ɗaya ke nan.

Ki zaɓi citta ƙosasshiya, mai zare-zare a ciki, ba sabuwar haƙa mai ruwa ba. Ki fere, ki gurza, ki matse ta a ƙyalle mai tsabta har ki sami babban cokali ɗaya, ki zuba a ƙaramin kwanon da za a sha a ciki. A lokacin za ki matse, don idan ruwan ya jima ƙarfinsa na tafiya. Ki ɗora madarar da sukari cokali ɗaya. Idan ta shanu ce ki bari ta tafasa tukuna saboda lafiya, sannan ki sauke. Ana son ta sauko zuwa digiri 70 zuwa 75. Idan babu ma'auni, ki riƙa juye ta tsakanin kofi biyu kamar yadda mai shayi ke yi, sau takwas zuwa goma. Tana tururi, amma ta daina kumfa.

Ki duba kwanon cittar, za ki ga wani farin gari ya kwanta a ƙasa. Ki motsa shi ya tashi. Sannan ki ɗaga kofin madarar kamar taƙi ɗaya sama da kwanon, ki juye gaba ɗaya a lokaci guda, ƙarfin zubowar shi zai gauraya su. Daga nan kada ki juya, kada ki girgiza, kada ki matsar da kwanon. Ki rufe da faranti minti 7 zuwa 10.

Ki buɗe ki ɗora ƙaramin cokali a sama a hankali. Idan ya zauna bai nutse ba, ta kama, a sha ta da ɗuminta. Idan ta tsaya ruwa, ba a yi asara ba, madarar citta ce mai daɗi a lokacin hunturu. A karo na gaba ki sauya abu ɗaya kawai don ki gane inda matsalar take: ki fara da ƙara wa madarar kauri, idan bai yi ba ki rage yawan juyen da kike yi tsakanin kofuna don ta fi zafi kaɗan, idan har yanzu shiru, ki sauya cittar da wadda ta fi ƙosawa.